Kafa Kamfanin Fasaha Daga Arewa: Abin Da Ake Gyarawa Kafin A Nemi Jari

Duk wanda ya ji cewa Stripe ta Amurka ta sayi Paystack a 2020 kan kuɗin da aka ce ya haura dala miliyan 200, sai ya fara lissafin nasa rabon. Amma Shola Akinlade da Ezra Olubi, waɗanda suka kafa Paystack, matsala ɗaya tak suka riƙe tun 2015: ɗan kasuwa ya karɓi kuɗi ta kati a shafinsa na intanet ba tare da zaryar banki ba. Moniepoint ma, ta Tosin Eniolorunda da Felix Ike, shekaru ta yi tana rubuta wa bankuna manhaja da sunan TeamApt kafin na'urarta ta POS ta cika kasuwanni, kuma sai a 2024 darajarta ta kai dala biliyan 1. Dukansu da ciniki suka fara, jari ya biyo baya.

Saboda haka kafin ka rubuta layi ɗaya na manhaja, shiga Dawanau ko Kantin Kwari ka zauna da mutum 30 masu sana'a iri ɗaya. Kada ka tambaye su ko za su yi amfani da abin da za ka ƙera. Bahaushe ba zai ba ka kunya ba, "madalla, Allah ya sa albarka" zai ce, ka tafi kana murnar banza. Tambaye shi yadda yake yin aikin yanzu, nawa yake kashewa, yaushe ya yi asara ta ƙarshe. Daga nan ka yi musu aikin da hannu ta WhatsApp na wata biyu ko uku, kana karɓar kuɗi ko da kaɗan ne. In mutum 10 suka biya sau biyu, akwai kasuwa. Ka kuma duba wayar da ke hannunsu: in ƙaramar waya ce mai madannai, USSD (lambobin nan da ake dannawa masu farawa da *) da saƙon tes da wakili a unguwa za su fi maka manhajar Android amfani.

Sai rajista a CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista. Da yawa suna yin rajistar sunan kasuwanci don ta fi arha, daga baya su gane ba ta da hannun jarin da za a sayar wa kowa. Kamfani mai hannun jari za ka yi. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa shi, kuma mafi ƙarancin jarin da ake rubutawa naira 100,000 ne. Ka karɓi lambar haraji ta TIN, ka buɗe asusun banki da sunan kamfani, ka daina karɓar kuɗin ciniki a asusunka. Dokar sababbin kamfanonin fasaha da aka sa wa hannu a Oktoban 2022 tana ba da shaida ta hannun hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA, shaidar da ke buɗe ƙofar rangwamen haraji. Sharuɗɗanta: kamfani mai hannun jari da bai wuce shekara 10 ba, aikinsa fasahar zamani, kuma aƙalla kashi ɗaya cikin uku na hannun jarin yana hannun ɗan Najeriya da ke cikin waɗanda suka kafa shi.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne rabon kamfani tsakanin abokai. Mutum uku sun raba daidai a baki, saboda zumunci ana jin nauyin rubutawa. Bayan wata biyar ɗaya ya samu aiki a Abuja ya tafi da kasonsa, sauran biyun su yi ta yi masa bauta. Mai zuba jari da ya ga haka ba zai dawo ba. Maganin shi ne yarjejeniyar da ke sa kowa ya mallaki kasonsa a hankali cikin wata 48. Wanda ya fita kafin wata 12 ba shi da komai. Ranar da ya cika shekara ya mallaki rubu'in kasonsa, sauran kuma su riƙa shigo masa wata-wata. A takardar dai a rubuta cewa manhajar da sunan shafin mallakar kamfani ne. An sha ganin mai rubuta manhaja ya yi fushi ya tafi da kalmar sirri, kuma babu takardar da za a kai kotu.

In aikinka ya taɓa kuɗin jama'a, lasisi ne gaba. A tsarin Babban Bankin Najeriya na 2021, mai sarrafa biyan kuɗi ga 'yan kasuwa yana buƙatar jarin naira miliyan 100, mai ajiye kuɗin mutane a waya kuwa biliyan 2. Sabon kamfani ba ya da wannan, don haka ake raɓuwa da mai lasisi, banki ko ƙaramin bankin al'umma, a rubuta yadda za a raba kuɗin shiga. Tara kuɗi daga jama'a kuma yana ƙarƙashin ƙa'idojin 2021 na SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari. ThriveAgric ta Uka Eje da Ayodeji Arikawe, wadda ke aiki da ƙananan manoma a Arewa, ta fara ne da karɓar kuɗin mutane da alkawarin riba a rana kaza. A 2020, lokacin kullen korona, biyan ya makara, surutu ya tashi, daga baya ta koma karɓar rance daga bankuna da manyan cibiyoyi. Kuɗin noma damina da farashin kaka yake bi, bai san ranar da ka rubuta a takarda ba. Wani abin da na Legas kan manta: abokin cinikinka na iya ƙin duk abin da ke da kuɗin ruwa, don haka tun farko ka duba tsarin murabaha (a sayo kaya a sayar da ribar da aka sani) ko salam (a biya yau a karɓi kaya daga baya) irin na bankunan Jaiz da TAJ.

Yanzu ne lokacin neman jari. Kuɗin farko galibi da takardar SAFE yake zuwa: a ba ka kuɗi yau, ya rikiɗe hannun jari a zagayen tara jari na gaba. Yi lissafin da kanka. Dala 100,000 a kan darajar dala miliyan 1, in an haɗa da kuɗin da ya shigo, kashi 10 ne. Ka sa hannu a irinta uku, kashi 30 ya tafi ba ka ankara ba. Y Combinator, cibiyar Amurka mai renon sababbin kamfanoni wadda Paystack ta shiga a 2016, tana ba da dala 500,000, inda 125,000 daga ciki ke ɗaukar kashi 7. Masu jarin waje da yawa za su ce ka kafa uwar kamfani a jihar Delaware ta Amurka, na Najeriya ya koma reshe. Kada ka yi gaggawa: da lauya da haraji na shekara-shekara duk da dala ake biya, sai an yi maka tayi a rubuce.

Dalar nan ita ce mugun rami ga mai ciniki da naira. Kuɗin ajiyar manhaja dala 400 a wata naira 184,000 ne lokacin da dala take 460 a farkon 2023. Da ta haura 1,500 a 2024 ya koma 600,000, ciniki kuwa yana nan inda yake. Kowane ƙarshen wata ka raba abin da ke asusu da abin da kake kashewa: miliyan 30 a kan miliyan 2.5 wata 12 ne. In ya sauka ƙasa da wata 9, ka fara neman kuɗi ko ka rage kashewa, don tattaunawa da masu jari takan ci wata shida. Masu rubuta manhaja kuwa ba sai ka je Yaba, matattarar masu fasaha a Legas, ba. Cibiyar fasaha ta CoLab da Sanusi Ismaila ya buɗe a Kaduna a 2016 ta yaye da dama, can za ka fara cigiya.