Kurakuran da aka fi yi wajen gyaran tsarin sauya lokacin bawul a garejojin Yamai

Galibin motocin hannu da suka shigo Yamai ta tashoshin Kwatano da Lome suna da injin da ke sauya lokacin buɗewar bawul (ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi a cikin injin) gwargwadon gudu da nauyin aiki, kuma kuskuren farko shi ne ɗaukar dukan waɗannan tsare-tsare a matsayin abu guda da kowane kamfani ya laƙaba wa sunansa. VVT-i na Toyota yana murza kamshaf, wato sanda mai tudu-tudu da ke buɗe bawul, gaba ko baya kaɗan, domin bawul ya buɗe da wuri ko a makare, ba tare da zurfin buɗewar ya canja ba. VTEC na Honda, wanda ya fito a 1989, yana komawa ne kan wani tudun kamshaf mafi tsayi, sai bawul ya ƙara buɗewa kuma ya jima a buɗe. VANOS na BMW, na 1992, ɗan uwan VVT-i ne a manufa, sai dai robobin da ke riƙe matsin mai a cikinsa sukan bushe idan injin ya tsufa. Ko a cikin Corolla ma akwai bambanci, domin injin 1ZZ-FE ɓangaren shigar iska kaɗai yake sauyawa, alhali 2ZR-FE yana sauya ɓangarorin biyu, na shigar iska da na fitar hayaƙi. Saboda haka kafin a nufi kasuwar Katako neman kaya, a fara karanta lambar injin, kada a dogara da kamannin ƙarfe.

Kuskuren da ya fi ɓarna, a ganina, yana wajen baƙin mai. Kusan dukan waɗannan tsare-tsare da matsin mai suke aiki, ta ƙananan hanyoyi da wani ɗan bawul na lantarki da kwamfutar mota ke sarrafawa. Masu motoci da yawa sukan zuba mai kauri irin 20W-50 da hujjar zafin watan Afrilu, ko da littafin motar 5W-30 ya ambata, kuma mai kauri yana jinkirin isa waɗannan hanyoyi, musamman da sanyin safiya lokacin hunturu. Idan aka haɗa da jinkirin juye mai da ƙurar da ke shiga ta tsohuwar matatar iska, dauɗa takan toshe ƴar ragar da ke gaban bawul ɗin. Gyaran ba shi da tsada: a bi kaurin da kamfani ya rubuta, a rage tazarar juye mai saboda ƙura, a ciro ragar a wanke.

Akwai kuma gaggawar kwance sarƙar taimin (sarƙar da ke juya kamshaf) da zarar an ji kwaramniya ta daƙiƙa biyu ko uku lokacin tayar da injin da safe. Sau da yawa laifin na giyar da ke murza kamshaf ne, wadda ɗan makullinta ya cinye. Na'urar bincike ita ce ke nuna hanya: lambar P0011 tana nufin lokacin kamshaf na shigar iska ya wuce gaba, P0016 kuwa rashin daidaito ne tsakanin kamshaf da kiranshaf (babbar sandar da fistan ke juyawa), wanda a nan ne ya dace a zargi sarƙa. Ya kamata bakanike ya fara duba yawan mai, ya gwada bawul ɗin lantarki, sannan ya taɓa manyan kaya.

Wasu kuma sukan cire wayar bawul ɗin ko su rufe fitilar gargaɗi. Motar za ta ci gaba da tafiya, amma ƙarfinta zai ragu, shan manta ya ƙaru, kuma ranar da wata matsala ta daban ta taso babu fitilar da za ta sanar da direba.