Kurakuran da masu zane suka fi yi a gaban ɗakunan bayi na Amurka

Mai zane zai kwashi allo da buroshi ya nufi tsohon gandun bayi a kudancin Amurka, sai ya kafa kayansa a gaban katafaren gidan ubangida, ya ba ɗakunan bayi baya. A gandun Boone Hall da ke kusa da birnin Charleston, gidan da kowa ke rububin zanawa a 1936 aka gina shi, alhali ɗakunan bayi tara na jan bulo da ke jere a gefen hanya sun girme shi da shekara fiye da ɗari. In tarihi ya kai ka wurin, juya allonka.

Wanda ya fi wannan muni shi ne ƙawatawa. Inuwar manyan itatuwa da hasken la'asar suna ruɗin hannu, kafin ka ankara ka zana wurin shaƙatawa. Gyaran shi ne ka fara da awo. Ka tsayar da wani a bakin ƙofa, ka gwada tsawonsa da na bango, don mai kallo ya ga ƙuncin ɗakin da iyali guda suka kwana a ciki. Kada kuma ka ɗauka duk na bulo ne: yawancin ɗakunan bayi na katako ne, kuma sun daɗe da rushewa.

Sai batun bango. A gandun Kingsley na jihar Fulorida, da ɓawon kawa (wata halittar teku mai ɓawo) da farar ƙasa da yashi aka yi ginin, ɗakunan kuma an jera su kamar jinjirin wata. Wanda ya matso farin fenti ya shafe bangon sumul ya ɓata aikin. Matsa kusa ka ga ɓawon yana leƙowa, ka haɗa farin da ɗan ruwan toka da ruwan ƙasa, ka bar shi da kaushinsa.

Inuwa ba ta jiran kowa, cikin awa biyu ta koma wani gefen. Zana ta tun da farko, ka daina bin rana.

Wasu kuma kan zana ɗakunan kamar kufai, su ƙara musu tsagewa da ciyawa, wai don su yi kama da na dā. Ɗakin da aka ɗauko daga gandun Point of Pines a 2013 aka kai gidan tarihin baƙar fatar Amurka a Washington, an zauna a cikinsa har zuwa shekarun 1980. Tambayi masu kula da wurin su waye suka zauna a ɗakin da ka zana, ka rubuta abin da suka gaya maka a bayan zanen, tare da sunan gandun da ranar.