Yadda za a tsara sayen kaya a gidan abinci da otal a Kaduna

Kalanda biyu mai kula da sito ke aiki da su: ta gona da ta baƙi. Ta gona ba ta sauyawa sosai, amma ta baƙi tana bin azumi da Sallah, su kuwa suna riga lokacinsu na bara da kusan kwana 11 kowace shekara. Wanda ya kwafi lissafin bara wata da wata zai sayi kayan buɗa-baki bayan an sha ruwa. Ka dubi littafin bara ta makon azumi da makon Sallah, ba ta sunan watan Bature ba.

Hatsi da kaka ake sayensa, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da masara da wake ke fitowa a kasuwanni irin su Saminaka da Giwa. Sai dai araha ba ta isa dalili ba. Ka ciji ƙwaya: in ta fashe ƙas, ta bushe, in ta lotsa, da sauran danshi, kuma za ta yi fumfuna. Wake a zuba shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Huji ɗaya ya isa ƙwari su dawo. Buhuna a jera su kan katako, a bar tazara da bango, domin a watan Agusta siminti kan yi gumi, buhun ƙasa shi ke fara lalacewa. A rubuta ranar shigowa a jikin kowane buhu, tsoho ya riga sabo fita.

Kayan miya ne ke karya jari. Tumatir da tattasai na noman rani suna cika kasuwar Bakin Dogo daga Janairu zuwa Maris, da ruwa ya sauka kuwa sai kwando ya yi tsada. A lokacin arahar ake markaɗawa, a dafa har ruwan ya tsane, a raba a robobi gwargwadon girkin rana ɗaya, a sa a firiza. Amma kada ka cika firiza fiye da abin da janaretanka zai iya riƙewa in an ɗauke wuta. Abin da ya narke ya kwana, zubarwa ake yi. In wutar unguwarku ba ta da tabbas, kauɗa ta fi amfani, ko da launin miyar ya ɗan yi duhu. Albasa iska take so, a baje ta a inuwa, ana tsince ruɓaɓɓu duk mako.

Ga lissafin sake saye: abin da ake ci a rana, sau kwanakin da kaya ke yi kafin su iso, sannan a ƙara na ko-ta-kwana. Gidan da ke dafa kilo 25 na shinkafa kullum, dila kuma sai ya kwana 3, a ƙara kwana 3 na ko-ta-kwana, kilo 150 ke nan, wato buhu 3. Da sito ya sauka zuwa nan, a kira dila. A makon bukukuwan bayan Sallah, da Disamba, da lokacin baje kolin ƙasa da ƙasa, a ninka na ko-ta-kwanan.

Da azumi cinikin rana na raguwa, a rage nama da ganye, a ƙara ƙwai, dankali, gero, sukari da man gyaɗa tun cikin Sha'aban. Mai girkin biki kuma kada ya sayi kaji da kayan salak sai an ba da kafin alƙalami.