Yadda Ake Sarrafa Tawada Huɗu Don Samun Launin Da Ake So A Madaba'a

Kalanda ko katin gayyatar biki, komai yawan launukan da ke jikinsa, galibi da tawada huɗu kacal ake buga shi: shuɗi mai haske da ake kira siyan, ja mai ɗaukar ruwan hoda da ake kira majenta, sai rawaya da baƙi. Su ne masu madaba'a ke taƙaitawa da CMYK, kuma wanda zai kai musu aiki ya kamata ya san halinsu tun kafin ya zauna gaban kwamfuta.

Farar takarda tana mayar da akasarin hasken da ya sauka a kanta, ita kuwa tawada shanye wani ɓangarensa take yi. Siyan na shanye jan haske, majenta na shanye kore, rawaya na shanye shuɗi, abin da ya rage shi ne ido ke gani. Don haka idan kore kake so, haɗa siyan da rawaya. Idan ja ne, sa majenta da rawaya kowanne kashi 100. Ka rage majenta zuwa kashi 50 sai ya koma ruwan goro. Shuɗi shi ne mai wuyar sha'ani, domin siyan da majenta idan aka cika su duka biyu sukan karkata zuwa shunayya, saboda haka ka bar siyan a cike, ka sauke majenta zuwa wajen kashi 60 ko 70.

Ba a cikin kwano ake dama waɗannan tawadoji ba. Kowacce da farantinta, wato fallen da ke ɗauke da hoton aikin a cikin injin bugawa, kuma ɗigo-ɗigo take sauka a takarda. Ka ɗora gilashin ƙara girma a kan kumatun mutum a hoton jarida, za ka ga ƙananan ɗigon majenta da rawaya sun jeru kusa da juna, da farar takarda tana leƙowa a tsakaninsu. Girman ɗigon shi ne kashin da ka rubuta a kwamfuta.

A kan baƙi ne na fi son a yi hattara. Launukan nan uku idan sun haɗu ruwan ƙasa mai dauɗa suke bayarwa, su kuma jiƙa takarda, shi ya sa aka ware wa baƙi tawadarsa. Ƙananan rubutu, kamar sunayen ango da amarya da wurin ɗaurin aure, ka sa su da baƙi zalla, domin faranti ɗaya ya ɗan goce sai haruffa su fito da inuwa mai launi a gefensu. A wurare masu duhu kuma kada jimillar tawada huɗun ta wuce kashi 300 a takarda mai sheƙi, in ba haka ba za ta ƙi bushewa ta ɓata bayan takardar da ke bisanta.

Fuskar kwamfuta da haske take aiki, ja da kore da shuɗi, don haka tana nuna launuka masu ƙyalli da tawada ba ta iya kaiwa. Ka mayar da aikinka zuwa CMYK tun daga farko, sannan ka nemi a buga maka gwaji guda ɗaya a kan irin takardar da za a yi aikin da ita, ka fita da shi waje ka duba a hasken rana kafin ka ba da izinin buga sauran.