Daga Kurmen Kogi zuwa Nutson Teku: Yadda Ake Shirya Tafiya Zanzibar

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan bakin Kogin Haɗeja ko a kewayen madatsar ruwa ta Tiga ya san kurme: yaro ya cika ƙirjinsa da iska, ya nutse, ba a sake ganin kansa sai can kusa da ɗaya gaɓar. Nutso da tukunyar iska, wanda ake yi a tsibiran teku domin kallon murjani da kifaye da kunkurun ruwa, wani abu ne daban, kuma gwanin kurme shi ne ya fi buƙatar a ja masa kunne, domin riƙe numfashin da ya sa ya yi suna a rafin garinsu shi ne abu na farko da aka hana a ƙarƙashin teku.

Dalilin hanin yana da sauƙin fahimta. A zurfin mita 10 matsin da ke kan jikin mutum ninki biyu ne na wanda yake ji a kan tudu, saboda haka iskar da ya shaƙa daga tukunya a wannan zurfi matsattsiya ce, kuma idan ya riƙe ta ya taso sama sai ta kumbura ta ninka girmanta, har ta iya yaga huhu. Mai kurme bai san wannan haɗari ba, domin iskar da ya sauka da ita daga sama ya ɗebo ta, ba ta wuce abin da ƙirjinsa ya saba ɗauka. Doka ta farko ke nan: ana numfashi a hankali, ba a tsayawa, tun daga shiga har fita. Abin da ke cikin tukunyar kuwa ba iskar asibiti ba ce kamar yadda mutane da yawa suke zato, iskar da muke shaƙa ce kullum aka tace aka dannata.

Shiri yana farawa ne daga wurin likita, tun kafin a tambayi kuɗin jirgi. Makarantun nutso suna ba ɗalibi takardar tambayoyin lafiya, kuma akwai cututtukan da ke hana nutso ko su sa sai da sa hannun likita: asma, farfaɗiya, ciwon zuciya, hawan jinin da bai daidaita ba, ciwon suga, da kunnen da aka taɓa yi wa aiki ko yake zubar da ruwa. Mace mai juna biyu ba ta nutso. Akwai kuma abin da ya fi shafar mu a nan, wato sikila. Wanda bai san ko akwai sikila a jininsa ba ya je a gwada, kuma mai ciwon sikila ya haƙura da wannan wasa, ya tsaya ga kallon kifi daga saman ruwa. Na san akwai masu cike takardar da "a'a" daga sama har ƙasa don kada a hana su, amma ba malamin suke yaudara ba, domin shi lafiyarsa ƙalau.

Sai gwajin iyo. Kafin a ba mutum shaidar kammala matakin farko na koyon nutso, ana so ya yi iyon mita 200 ba tare da tsayawa ba, ba a kuma ƙayyade masa lokaci, sannan ya zauna a saman ruwa na minti 10 bai dafa komai ba. Wanda iyonsa na kududdufi ne, inda ƙafa take taɓa ƙasa idan an gaji, ya nemi wurin iyo a birnin Kano ko Dutse ya auna kansa. Wannan ya fi yin atisaye a kududdufi ko magudanar noman rani, inda ake ɗaukar tsargiya.

Game da wurin zuwa, ina ganin Zanzibar ce ta fi dacewa da mutumin da zai taso daga ƙauyen Kano ko Jigawa. Tsibirai ne na ƙasar Tanzaniya a Tekun Indiya, manyan su ne Unguja da Pemba, mafi yawan mutanensu Musulmi ne, saboda haka masallaci da abincin halal ba abin nema ba ne. Har yarensu na Suwahili yana da kalmomin da kunnen Bahaushe zai kama, irin su Alhamisi da Ijumaa. Ɗan koyo ya nufi arewacin Unguja, garuruwan Nungwi da Kendwa, ko Matemwe a arewa maso gabas, wadda take fuskantar ƙaramin tsibirin Mnemba inda murjani ya fi suna. Pemba tana da zurfi da igiyar ruwa mai ƙarfi, a bar ta sai an ƙware. Tsibiran Maldibs ma ƙasar Musulmi ce mai kyawun ruwa, sai dai ta fi nisa da tsada.

Zaɓen lokaci shi ne inda manomi zai zauna ya yi lissafi. Babbar daminar Zanzibar tana sauka daga Maris zuwa Mayu, lokacin da mu muke cikin zafin bazara, kuma a wannan lokaci ruwa yakan gurɓace, wasu masaukai ma su rufe. Daga Yuni zuwa Oktoba babu ruwan sama sosai a can, amma wa zai bar gero da dawa a tsakiyar noma ya tafi kallon kifi? Abin da ya rage shi ne Janairu da Fabrairu, bayan an gama kaka, an sayar da riɗi ko shinkafa, kuɗi sun shigo hannu, ruwan tekun kuma yana da ɗumi. Sai dai akwai abubuwa biyu a wannan tsakanin. Na farko hunturu ne da murarsa: mai nutso dole ya riƙa daidaita matsin kunnensa yana sauka, ta hanyar toshe hanci ya hura a hankali, kuma wanda mura ta toshe wa hanci ba zai iya ba, idan ya matsa sai dodon kunne ya fashe. Saboda haka a kiyaye ƙura da sanyin asuba a makonnin da suka gabaci tafiya. Na biyu azumi ne, wanda a shekarun nan yake faɗowa a wannan yanki na shekara yana kuma ja baya da kusan kwana 11. Ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara haɗarin nutso, don haka a duba kalanda a sa tafiyar kafin Ramadan ko bayan Sallah.

Takardu suna cin lokaci fiye da yadda ake tsammani. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6 a kansa, a kuma tanadi katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa. Ɗan Nijeriya ba ya cikin waɗanda ake buga wa bizar Tanzaniya a filin jirgi; sai ya nema ta intanet tun daga gida ya jira amincewar hukumar shige da fice ta ƙasar, don haka a nema da kamar wata biyu, kuma kada a sayi tikitin da ba a iya sauya ranarsa kafin biza ta fito. Tun Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar shiga tsibirin a kan dala 44. Wannan daban ce da inshorar nutso, irin wadda ƙungiyar DAN take bayarwa, wadda take ɗaukar nauyin jinya idan haɗarin nutso ya auku. Jirgi kuwa yawanci ta Adis Ababa ake bi, daga Kano ko Abuja.

Wanda yake so ya ɗanɗana kawai, akwai nutson gwaji na yini guda, inda malami yake riƙe da shi kuma ba a wuce mita 12. Mai son shaida sai ya ware kwana 3 zuwa 4 domin matakin farko na ƙungiyoyin koyar da nutso irin su PADI ko SSI: karatu, atisaye a ruwa marar zurfi, sannan nutso huɗu a teku, bayan haka a ba shi izinin sauka har mita 18 tare da abokin nutso, domin ba a nutso mutum ɗaya. Ana iya yin ɓangaren karatun a waya tun daga gida, kuma yawanci da Turanci ake yinsa, saboda haka wanda Turancinsa bai nuna ba ya fara da wuri ya nemi mai taya shi, kada ya je yana gyaɗa kai ga abin da bai gane ba. Kayan aiki ba sai an saya ba, ana bayar da hayar tukunya, da abin shaƙar iska, da rigar da ake hura wa iska, da ɗamarar dalma, da takalman da suka yi kama da ƙafar agwagwa. Gilashin fuska ne kaɗai nake ba da shawarar mutum ya mallaki nasa, domin wanda bai zauna daidai ba yana shigar da ruwa, musamman ga mai gashin baki. Rigar roba doguwa tana rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu, kuma mace tana iya tambaya tun kafin ta biya ko akwai malama.

Kafin a biya kowace makaranta a tambayi ɗalibai nawa malami ɗaya yake ɗauka, ko akwai iskar asibiti a cikin jirgin ruwansu, da kuma inda ɗakin jinyar matsin iska mafi kusa yake, wato ɗakin da ake sa wanda tasowa da gaggawa ta yi wa lahani. Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi, a bar masa kayansa a nemi wani.

Wannan ɗaki na jinya yana da nasaba da yadda ake tsara ranar komawa gida. A ƙarƙashin ruwa jiki yana shan sinadarin naitirojin da ke cikin iska, kuma idan aka taso da gaggawa sai ya yi kumfa a cikin jini kamar lemon kwalba da aka buɗe farat ɗaya, ya jawo ciwon gaɓoɓi ko shanyewar jiki. Shi ya sa ake tasowa a hankali, a tsaya minti 3 a zurfin mita 5 kafin a fito. Hawa jirgin sama ma tasowa ne a wurin jiki, saboda haka ana jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa, kuma malamai da dama sun fi son a cika awa 24. A mayar da ranar ƙarshe ta zama ta yawo a tsohon birnin Zanzibar da sayen tsarabar kanumfari, wanda tsibiran suka yi suna da nomansa, a kuma sa wannan yini a cikin lissafin kuɗin masauki tun daga gida.