Ga masu shirin tafiya hutun Sallah

'Yan uwa, wanda zai je gida hutun Sallah ya rage gaggawa. Ba dole sai ka zagaye Wurno, Gwadabawa da Tambuwal a rana guda a kan babur ba, man ma ya yi tsada. Zaɓi gida ɗaya ka zauna, a yi hira da tsofaffi har la'asar, zafin Sakkwato ba ya son yawon tsakar rana.

Sannan don Allah a rage ledar fiya wata. Ita ce ke toshe magudanun ruwa da damina, awaki kuma su ci ta kashe su. A sa randa a inuwa, ruwanta da sanyi ko babu wuta. In za ki kasuwa, Hajiya, ɗauki kwandonki daga gida.