Kashe ciyawar hayasin da cutar fumfuna: inda aka fi yin kuskure

Tun da ciyawar hayasin ta shigo Najeriya ta Badagiri a 1984 take toshe wa masunta da masu kwale-kwale hanya. Daga Kudancin Amurka ta fito, ta baro ƙwari da cututtukan da ke danne ta a can, shi ya sa ta sake a nan. Dabarar masana ita ce a nemo mata ciwo, musamman fumfunar da ke cin ganyenta. Dabarar na da kyau, amma ana yawan ɓata ta.

Da farko a tabbatar da ciyawar. Mutane da yawa kainuwa suke ce mata, alhali kainuwa daban ce. Hayasin tana da fure mai ruwan shunayya da kara mai kumburi kamar gora. Cutar wannan ba lallai ta kama waccan ba.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar fumfuna kamar maganin feshi, a fesa yau a ga ciyawa ta ƙone jibi. Fumfuna abu ne mai rai, sai ta tsiro a kan ganye ta shiga cikinsa. Hayasin kuwa, in ruwan na da taki da ƙazantar gari, tana iya ninka kanta cikin mako biyu, kafin tsohon ganye ya ruɓe ta fitar da sabbi. Haka aka gani da wata fumfuna mai suna Cercospora rodmanii da aka samo a madatsar Rodman ta Fulorida a Amurka: kamfanin Abbott ya gwada mayar da ita maganin sayarwa, amma ba ta shiga kasuwa ba. Gyaran shi ne a haɗa fumfuna da ƙwaron Neochetina mai cin hayasin, wanda ya yi aiki a Sudan da Tafkin Biktoriya. Ƙwaron ya gatsa ganye, tsutsarsa ta huda kara, fumfuna ta bi raunin ta shiga. A ganina duk wanda ya saki fumfuna ita kaɗai, ya bar magudanar gari na kwarara cikin ruwan, wahalar banza ya yi.

Sai lokacin feshi. Ƙwayoyin fumfuna na son ganye ya jima a jiƙe, awowi da dama na raɓa. Wanda ya fesa da tsakar rana, ko cikin hunturu, rana da iska ne za su cinye aikinsa. A bari sai yamma lis, cikin damina. Masanan Jami'ar Mansura a Masar sun rage wannan matsala ta hanyar dama fumfunar Alternaria eichhorniae da man angurya, don kada ta bushe da wuri.

Wani ganganci mai haɗari: a ga ganye mai tabo, a noma abin da ke jikinsa, a watsa. Fumfunar Rhizoctonia solani na kashe hayasin, amma tana kama shinkafa, ga shi gonakin shinkafa na bakin kogunan nan. Myrothecium roridum ma haka, tana cin amfanin gona iri-iri, kuma tana fitar da guba. Dole a fara gwada kowace a kan shinkafa, wake, tumatir da sauran abin da ake nomawa a wurin, a killace.

In ruwa ya buɗe kuma, kada a naɗe tabarma. Irin hayasin na iya kwana cikin laka shekara goma sha biyar ko fiye, ya tsiro bayan ruwa ya ja ya dawo. A riƙa zagayawa kowace damina ana tsame 'yan ƙananan da hannu.